Doguwar Babanmu da 'Yar Motar 'Yata

Tun da 'yata ta sayi wannan 'yar motar ban ƙara zuwa ko'ina cikin mutunci ba. Ita ce babba a 'ya'yana, tana koyarwa a wata makarantar 'yan mata, tana aure a Ketaren Gwari, kuma Allah ya yi mata albarka, ba ta yarda ta ji an ce an gan ni a bakin titi ina tsayar da Keke. In asibiti za ni ita ce, in dubiya ce ita ce, in ta'aziyya ce ita ce. Saboda haka ba da ita nake kuka ba, da abin da take ɗauko ni a ciki nake. Ranar da ta fara kawo ta ƙofar gidana a Tudun Wada na fito na ce bari in zagaya ta, kafin in ankara na dawo inda na fara. Ba gaba, ba baya, sai ka ce an yanko tsakiyar mota an yar da sauran. Na ce, "Ina ragowarta?"

Ta yi dariya ta ce, "Baba, su ake yayi yanzu. Ba ta shan mai, kuma duk ɗan lungun da ka samu za ka ajiye ta."

Na ce, "To ai akuya ma ba ta shan mai, kuma ko'ina ana ɗaure ta."

Shigarta kaɗai aiki ne. Sai na tattare babbar rigata na rungume a ƙirji kamar mai tsallake rafi, na cire hula don kada rufin ya tuɓe mini ita a gaban yara, sannan na naɗe ƙafafu har gwiwa ta kusa taɓa haɓa. In ka ja ƙofar ba ka jin komai sai wani ɗan kyas, kamar an rufe langar miya. Ba ta da makulli ma, wani maɓalli ake dannawa, kuma ko ta tashi ba ka sani ba, don ba ta tari, ba ta gurnani, ba ta girgiza. Amma fa a kan abin da bai shafe ta ba bakinta ba ya mutuwa. Ban ɗaura bel ba, ƙara. Ƙofa ba ta rufu ba, ƙara. An ja da baya kusa da kwata, ƙara. Ni da na aurar da jikoki, wai gwangwani ne zai riƙa yi mini tsawa. Ga ta kuma a ƙasa kamar kunkuru. Duk tudun da aka yi a titi don rage gudu sai ta karta cikinta a kai, 'yata ta runtse ido ta ce wayyo, kamar ita aka karce. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gilashi. Kullum a rufe, wai sanyi zai fita. Rannan muka wuce wani tsohon abokina, tela, yana zaune a ƙofar shagonsa. Kafin in lalubo abin da ake dannawa gilashin ya sauka mun sha kwana. Da muka haɗu a masallaci ya ce, "Na gan ka jiya, ka zama manya." Da me zan kare kaina?

In na rufe ido a cikin wannan sanyin, motar babanmu nake gani. Kakanmu aikin jirgin ƙasa ne ya kawo shi Minna daga Kano, ya zauna, ya hayayyafa. Babanmu bai bi aikin jirgi ba, fataucin doya ya kama. Yakan sayo daga ƙauyuka ya loda a jirgi a kai arewa. Da Allah ya buɗa masa, sai ya sayi mota a hannun wani Bature injiniyan jirgi da zai koma ƙasarsu. Ruwan madara ce, mai dogon baya, mai bamba na ƙarfe fari a gaba da baya wanda kake ganin fuskarka a ciki. 'Yan unguwa suka sa mata suna Doguwa. In aka rufe ƙofarta sai ka ji gif har cikin haƙarƙarinka. In aka danna hon, kajin maƙwabta sai sun watse. Giyarta a jikin sitiyari take, don haka kujerar gaba guda ce shimfiɗe kamar gado, manya uku su zauna, a ɗora yaro a cinya, kuma ba wanda zai ce an matse shi. Ƙamshinta ma daban ne, fatar kujera da fetur da ƙasar doya da ɗan goron da Baba ke ajiyewa a gaba. Har yau in na bi ta garejin bakanike wani lokaci iska takan kaɗo mini wani abu mai kama da shi, sai in tsaya kamar an kira sunana.

Ni ne babban ɗa namiji, saboda haka hidimarta a wuyana take. In an idar da asuba aka tashi daga karatu, zan ja ruwa a rijiya in wanke ta tun daga rufi har taya. Bamba da toka da lemun tsami nake goge shi. In buɗe bonet in duba ruwan lagireto, in zaro sandar auna baƙin mai in goge a tsumma in mayar in sake zarowa, in bi tayoyi ina harbi da ƙafa. Baba yana zaune a kan buzu yana lazimi, bai ɗago ba, amma in na tsallake abu ɗaya sai in ji gyaran murya. Yakan ce, "Ƙarfe ma yana son gaisuwar safe. Ka gaishe shi a gida, kada ya gaishe ka a daji." Da damina kuwa, in ta kwana a sanyi, sai ta ƙi tashi. Za ta yi tari, ta yi tari, ta yi shiru. Ba a kiran kowa. Wannan tarin kaɗai ya isa. Mai shayin bakin layi zai bar tukunyarsa, maƙerin da ke bayanmu zai ajiye guduma, ladan ya naɗe hannun riga, a sa mata kafaɗa ana "ya Allah, ya Allah," har ta gangara ta fizga ta saki baƙin hayaƙi a fuskokinsu. Su koma suna tari suna dariya. Daga nesa kuma jirgin safe yana busa, matan Gbagyi suna shigowa gari da itace a kafaɗa, tataccen kokon Inna yana huci a tsakar gida. Haka garinmu ke wayewa.

Ba don Allah kaɗai suke tura ta ba, sun san tasu ce. Ba amaryar da aka kai a layinmu ba a cikinta ba. Ragon suna ya shige ta, maniyyaci mai zuwa tasha ya shige ta, wanda ya karye ya shige ta, gawa ma ta shige ta an kwantar da kujerar baya. In za mu ƙauye, Baba ba ya wuce mai tafiya a ƙasa. Zai taka birki ya leƙo ya ce, "Ina zuwa?" Ba ya tambayar yare, ba ya tambayar ko masallaci mutum ke zuwa ko coci. In na ce, "Baba, ai mun cika," sai ya ce, "Cikinka ne ya cika. Matsa."

Kada a ce tsufa ya sa ni ƙarya. Doguwa tana da halinta. Da bazara ƙarfen ƙasanta yakan yi zafin da sai ka ɗaga ƙafa. Mai kuwa shansa take kamar raƙumi ya iso rijiya. In ruwa ya sauko, wani wuri a rufin yana ɗiga daidai kafaɗar direba. 'Yata in ta so tsokanata takan ce, "Baba, da a ce tana nan yau, albashina duka a tankinta zai ƙare, kuma a cunkoson bakin kasuwa sai dai a ɗauke ta da hannu." Ba ta yi ƙarya ba. Amma ita wancan in ta yi ciwo kana ganin inda ke mata ciwo. Bakanikenmu da kunne yake gane ta tun kafin ta tsaya. Wannan kuwa rannan wata 'yar fitila ta kama a gabanta, aka ce ba mai taɓa ta sai an jona mata kwamfuta ta faɗi abin da ke damunta. Motar da sai an kai ta wurin boka ya buga mata ƙasa.

Akwai rana ɗaya da ba na mantawa, ita ce ranar da na daina zama yaro. Lokacin gemu bai fito mini ba, ɗan saje ne kawai ya fara tsirowa. Duk tuƙin da na iya bai wuce in matsar da Doguwa daga inuwa zuwa bakin rijiya in mayar da ita ba. Ƙarshen damina ne, sabuwar doya ta fito, muka tafi cin kasuwar Gwada ni da Baba. Hanyar a lokacin jar ƙasa ce, kuma an kwana ana ruwa. A can Baba yana da amini, manomi, Bagbagye, Kirista, dattijo mai faɗin ƙirji da ƙaramar murya. A gidansa muke sauka, har ya ware mana buta da tabarmar salla da ba mai taɓawa. Mu yara Baban Gwada muke ce masa.

Hantsi ya ɗaga, mun cika bayan motar da doya, Baba ya sa hannu zai gyara wata da ta karkace, sai na ji ya ce, "Innalillahi!" ya fizge hannun. Baƙar kunama ce ta faɗo ƙasa. Kafin a samo mai magani, hannun damansa ya ɗaure har kafaɗa, gumi yana zuba daga goshinsa, ya zauna a gindin bishiya yana cije leɓe. Muna cikin haka sai ga Baban Gwada a guje, ba takalmi. Ban taɓa ganinsa yana gudu ba. Hausarsa irin ta wanda ya koya a kasuwa ce, ba ya raba mace da namiji. Ya durƙusa gaban Baba yana haki ya ce, "Malam, matan yarona zai mutu. Tun jiya yana nakuda, ya kasa. Ungozoma ya ce sai Minna."

Babbar motar da ke zuwa Gwada ba ta tashi sai kasuwa ta watse. Ba wata ƙaramar mota a garin sai tamu. Baba ya dubi hannunsa, ya gwada dunƙule yatsu, suka ƙi. Ya dube ni. Ya ce, "Sauke doyar."

Na ce, "Duka?"

"Duka. A ƙasa."

Muka zube ta nan a bakin kasuwa, ba mai gadi, ba rufi. Ya laluba aljihu da hannun hagu ya miƙo mini makulli. Na ce, "Baba, ni fa ban taɓa hawa hanya ba."

Ya ce, "Ita ma yarinyar ba ta taɓa haihuwa ba. Shiga."

Aka kwantar da kujerar baya aka shimfiɗa zannuwa, aka kinkimo yarinyar. Ba ta ihu, wani nishi take yi can ƙasa-ƙasa, wanda ya fi ihu tayar da hankali. Surukarta ta ɗora kanta a cinya, ungozoma ta tsuguna a ƙafafunta, mijin ya takure a lungu. Gaba kuma ni ne, Baba a tsakiya, Baban Gwada a bakin ƙofa. Na murɗa makulli ta tashi. Na saki kuloci ta yi tsalle ta mutu. Na sake, ta sake mutuwa. Mutanen kasuwa sun kewaye mu suna kallo. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ƙafar hagu a hankali, kamar kana taka tabarmar surukai." A na uku ta ɗauka.

Ban san yadda muka ci wannan hanyar ba. Sitiyarin yana da nauyi, laka tana jan bayan motar hagu da dama, ni kuma na ƙanƙame shi har yatsuna suka sandare. Baba ne ke sa giya da hannun hagu, in ya ce "taka" in taka kuloci, ya tura. A baya tsohuwar tana addu'a da yarensu, tana kiran sunan Yesu, a gefena Baba yana salati, kuma ba wanda ya ce wa wani ya yi shiru. Haka muka iso wani rafi da ke da 'yar gada a ƙasa-ƙasa. Da safe mun haye ta lafiya. Yanzu ruwan tudu ya sauko ya rufe ta, ja wur, yana tafe da karan dawa da rassan itace, ba ka ganin inda gada ta tsaya da inda rami ya fara.

Na taka birki. Na ce, "Baba, ba za ta yiwu ba."

Ya waiwaya ya dubi ungozoma. Ta girgiza kai, ta ce yarinyar ba za ta kai ruwa ya janye ba. Sai mijin ya buɗe ƙofa ya fita, ya karyo reshe, ya shiga ruwan. Ruwan ya kai masa cinya. Yana dogara sandar yana laluben bakin gada, ya juyo ya yafito ni. Baba ya ce, "Kada ka dubi ruwa. Bayansa za ka duba. Inda ya bi, bi. Kuma kada ka ɗaga ƙafa daga totur."

Na shiga. Na ji ruwa yana dukan ƙofa kamar ana buga ganga, ya fara shigowa ta ƙasa yana jiƙa mini idon sawu. Mun wuce tsakiya, har na fara hango jar ƙasar tsallake, sai Doguwa ta yi tari sau ɗaya ta yi shiru. Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba. Sai ƙarar ruwa, sai nishin yarinyar. Na ji bayan motar ya ɗan motsa, ruwa yana son ya ja ta gefe. Baban Gwada ya fita ya sa hannu biyu a baki ya yi wata kururuwa da yarensu. Wallahi kamar daga ƙasa suka tsiro. Manoma daga gonakin gefen rafi, maza da mata, suka yar da garemani suka faɗo ruwa. Wasu suka dafa baya, wasu suka riƙe gefen da ruwa ke ja, aka yi ta kirari ana turawa, har tayoyin gaba suka kama ƙasa. Ƙarfe ne da za ka sa masa kafaɗa da duk ƙarfinka bai lotse ba.

A tsallake Baba ya sa na buɗe bonet. Ya nuna mini wani baƙin murfi da wayoyin fulogi ke fitowa daga kansa, ya ce in ɓalle shi. Cikinsa ya jiƙe sharkaf. Ba busasshen tsumma a jikin kowa, sai ya cire hularsa ya ba ni. Na goge, na hura da baki, na mayar. Manoman suka sake turawa a kan tudu, ta fizga, ta yi gurnani, ta saki hayaƙi. Na ji matan suna guɗa a bayanmu, ban iya waiwayawa ba.

Mun shiga Minna rana ta karkata. Aka karɓi yarinyar a asibiti aka shige da ita, mu kuma muka zauna a gindin wata bishiya. Bayan la'asar wata ma'aikaciya ta fito ta ce uwar ta tsira, amma ɗan bai zo da rai ba. Mijin ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Baban Gwada ya kama hannuna da hannayensa biyu masu kaushi ya ce, "Yaro, ka kawo mini ɗaya. Na gode." Ni kuwa na yi ta jiran abin da Baba zai ce. Sai da muka isa ƙofar gida na kashe mota, ya sauka yana riƙe da hannunsa, ya ce, "Ka cika ɗora ƙafa a kan kuloci. Za ka cinye shi." Ya shige. Amma bai karɓi makullin ba, ranar ko bayanta. Da muka koma Gwada muka tarar da doyarmu an tattara ta wuri guda an lulluɓe da ciyawa, kuma tulin ya fi yadda muka bar shi. Yarinyar nan ta rayu ta haifi 'ya'ya har ta ga jikoki.

Doguwa ta daɗe bayan Baba. Da injinta ya gaji ta zauna a ƙofar gida, kaji suna ƙwai a cikinta. Shekarar da na tafi aikin hajji ƙanena ya kira masu sayen tsohon ƙarfe suka yanka ta da wuta suka kwashe. Na dawo na tarar da inda tayoyinta suka lotsa ƙasa. Na yafe masa, amma ya san ba a tayar da maganar a gabana.

Abin da ya tono mini duk wannan shi ne tafiyar da muka yi kwanan baya. Mijin nan da ya shiga ruwa da sanda, ya tsufa shi ma, Allah ya yi masa rasuwa. Zumuncin gidajen biyu bai yanke ba, don haka muka shirya gaisuwa. 'Yata ce ke tuƙi, ni a gaba, mai ɗakina da ƙanwarta a baya. Mu huɗu, motar ta cika maƙil. Da muka gama gaisuwa za mu taso daga Gwada, mutanen gidan suka haɗa mu da doya, kamar yadda suka saba. Aka buɗe but, wai but, ko tukunyar biki ba za ta shiga ba. Ya ɗauki 'yan ƙwayoyi ya ce ya ƙoshi, sauran aka ɗora wa matan a cinya. Ina ji ina gani dattawan gidan suna danne dariya.

Mun baro Gwada kaɗan hadari ya haɗo, yayyafi ya fara. Sai na hango wata mata a bakin hanya, goye da yaron da ya wuce goyo, kansa ya langaɓe gefe, tana ɗaga hannu. Motoci biyu da ke gabanmu suka wuce ta. 'Yata ma ba ta rage gudu ba. Na ce, "Tsaya."

Ta ce, "Baba, hanyar nan ba kamar da ba ce. Kai ma ka san abin da ake faɗa. Haka suke sa mace a gaba, in ka tsaya su fito daga daji."

"Na sani. Tsaya."

"Kuma ko na tsaya a ina zan sa ta? A kan rufi?"

Na ce, "Ki tsaya, ko in buɗe ƙofar nan tana tafiya."

Ta taka birki, ta ja da baya ranta a ɓace. Ba wanda ya fito daga daji. Matar ce kawai, da yaro jikinsa zafi kamar garwashi, idanunsa sun juye. Ta ce tun safe yake sanƙarewa, an ce ta kai shi Minna, duk motar haya da ta zo a cike take. Na dubi baya, ba inda za a sa ko kaza. Mai ɗakina ƙafarta ba ta da lafiya, ƙanwarta kuma ita ta san kan jinyar yara. Sai na kwance bel, na tattare rigata, na fito.

'Yata ta zaro ido. "Baba, me kake yi?"

Na ce wa matar, "Shiga, 'yar nan. Rungume shi a gaba."

"Baba, don girman Allah! In bar ka a daji, cikin ruwa? Me zan ce wa 'yan'uwana?"

"Ki ce musu kin sayi motar da ba ta ɗaukar mutum biyar. Ja ki tafi, yaron ba zai jira gardamarmu ba."

Mai ɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, wannan wace irin rigima ce da tsufanka?" Na rufe musu ƙofa. Na ga 'yata tana share ido da bayan hannu, sannan ta ja.

Na tsaya a gindin wata ɗorawa ruwa yana dukana, ina tsine wa duk wanda ya fara tunanin ƙera mota daidai cikin mutum huɗu. Ban daɗe sosai ba sai ga wata tsohuwar a-kori-kura ta taho tana hayaƙi, ɗauke da doya da gawayi da mutane a sama. Direban ya tsaya da kansa ya ce, "Baba, lafiya kai kaɗai a nan?" Gaba a cike take, amma wani saurayi ya sauka ya haye baya ya bar mini wurinsa. Muka taho ana matse da juna, gilashi ba ya rufuwa, wata mata tana ba ni dafaffiyar gyaɗa, direba yana ba ni labarin yadda ya ɗaure salansar motar da waya. Wayata tana ta kuka a aljihu, 'ya'yana ne ɗaya bayan ɗaya, kowa da faɗansa. Na iso gida jiƙe kamar ɓeran da ya faɗa randa, mura ta kwantar da ni, ƙugu ya riƙe. Mai ɗakina tana shafa mini man zafi tana mita, ta ce da gangan na yi don in nuna wa duniya motar 'yarta ƙarama ce. Ban musa ba duka.

Da na ɗan warware 'yata ta zo gaishe ni. Ta durƙusa a bakin gado, fuska ba walwala. Na ce, "Yaya yaron?"

Ta ce, "Ya tashi, Baba. Jiya har ya sha kunu. Sun ce da an ƙara jinkiri da wani zancen ake."

"Alhamdu lillahi. To me ya ɓata miki rai?"

Ta ce, "Matar ba ta san kowa a Minna ba. Ni ke kai musu abinci safe da yamma. Shekaranjiya kakarsa ta zo, na ɗauko ta daga tasha da tabarma da buhun gari da kaza mai rai. Kuma tun ranar yaron ya yi amai a kujerar gaba. Na wanke, na kai an wanke, na fesa turare, har yau in na kunna sanyi warin sai ya taso. Dole nake sauke gilashi, duk wanda ya san ni a hanya sai ya tsayar da ni."

Na gyara kwanciya, na ji ƙugun ma ya ɗan saki. Na ce, "Bar shi, kada ki ƙara wankewa. Sai yanzu ta fara warin mota."